Gishiri Ne Ke Cinye Waya: Abin da Masu Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Teku Za Su Koya wa Matasan Dogon Dawa

Daga Dogon Dawa zuwa bakin teku mafi kusa tafiya ce ta ɗaruruwan kilomitoci. Garin yana kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, a yammacin Jihar Kaduna, ƙasar masara da dawa da waken soya, inda ruwan da aka sani shi ne na sama da na rafi da na rijiya. Duk da haka, cutar da ta fi damun masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin tekun Atlantika ko Bahar Maliya tana iya kama wayar da ke aljihun matashi a gonar Dogon Dawa. Alamarta iri ɗaya ce a ko'ina: wani ɗan kore-kore ko fari-fari mai kama da gari a bakin caji, sai caja ta fara kamawa tana saki, sai murya ta dusashe a lokacin kira, wata rana kuma wayar ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Asarar ta wuce kuɗin na'ura. A yankin da bankuna suka yi ƙaranci, waya ita ce hanyar tura kuɗi da karɓarsu, ita ce ke kawo labarin farashin hatsi da halin da hanya ke ciki. Mutanen Birnin Gwari sun ɗanɗana zama babu waya a ƙarshen shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Idan kuma gyara ya fi ƙarfin mai shagon gari, sai an yi tattaki zuwa Funtuwa ko Zariya ko Kaduna, ko ma kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Saboda haka sanin abin da ke cin ƙarfen waya, da yadda masu nutso suka daɗe suna maganinsa, ilimi ne mai rage asara.

Abin da gishiri ke yi wa ƙarfe

Tsabtataccen ruwa ba ya ɗaukar wutar lantarki sosai. Da zarar gishiri ya narke a cikinsa, sai ya rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da caji, ruwan ya zama hanyar da wuta ke bi cikin sauƙi. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Na Bahar Maliya, wanda alhazai da ɗalibai da 'yan kasuwarmu ke gani a bakin Jidda, ya kai wajen giram 40, saboda zafin rana yana ƙafar da ruwan kuma babu manyan koguna da ke kwarara cikinsa.

Ɓarnar tana zuwa ta fuska uku. Ta farko, alminiyom da ƙarfen da ake kira mara tsatsa suna da wata siririyar fata a samansu wadda ido ba ya gani, ita ce ke kare su. Sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri yana huda wannan fata, ya riƙa haƙa ƙananan ramuka zuwa ciki. Ta biyu, idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, sai su zama tamkar ƙaramin batir: ɗaya ya riƙa narkewa a hankali, ɗayan ya tsira. Ta uku ita ce mafi sauri, wato idan an ƙara wutar lantarki daga waje. Aikin da tsatsa za ta yi a makonni, wutar caja tana iya gama shi cikin ɗan lokaci kaɗan.

Akwai kuma halin gishiri da duk mai girki ta sani. A damina gishirin da ke cikin kwano yakan jiƙe da kansa ko ba a zuba masa ruwa ba, domin idan danshin iska ya kai kimanin kashi 75 cikin 100, gishiri yana zuƙo ruwa daga iskar. Wannan ne ya sa bushewar na'ura ba ta nufin ta tsira. Ruwa ya tafi, gishiri ya zauna a lungu, yana jiran ranar da iska za ta yi laima ya ci gaba da aikinsa.

Yadda masu nutso ke kula da kwanson kyamara

An daɗe ana wannan yaƙi. Wani masanin halittun ruwa ɗan ƙasar Faransa, Louis Boutan, ya ɗauki hotuna a ƙarƙashin teku tun a shekarar 1893 a Banyuls-sur-Mer, da kyamarar da ya rufe cikin akwati. A 1963 kamfanin Nikon ya fito da Nikonos, kyamarar da ke shiga ruwa ba tare da akwati ba. A yau ƙwararru suna saka kyamarorinsu cikin kwanso na alminiyom ko na roba mai tauri, irin waɗanda kamfanoni kamar Nauticam da Ikelite ke ƙerawa, kuma sau da yawa kuɗin kwanson yakan yi kafaɗa da kuɗin kyamarar kanta.

Abin da ke hana ruwa shiga wani zoben roba ne da ke kwance cikin rami kewaye da murfin, da wasu ƙanana a jikin kowane maɓalli. Duk mita 10 da aka nutsa, nauyin ruwa a kan kwanson yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A irin wannan matsi, silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya a kan zoben ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Shi ya sa mai nutso yake cire zoben, ya goge shi, ya duba shi a haske, ya shafa masa ɗan man silikon, sannan ya mayar. Man ba shi ne ke toshe ruwa ba, aikinsa ya sa robar ta yi santsi ta zauna daidai, kuma idan ya yi yawa sai ya kwaso yashi. Ba a amfani da basilin a madadinsa, domin yana iya kumbura wasu nau'o'in roba ya lalata su. Kwansunan zamani ma suna da ɗan famfo da ake zuƙe iskar ciki da shi kafin a shiga ruwa. Idan fitilar gwaji ta nuna iska na komawa ciki, an san akwai kafa.

Bayan an fito daga teku, doka ta farko ita ce kada a bari ruwan gishiri ya bushe a jikin kwanson. Ana tsoma shi a rufe cikin ruwa mai daɗi na wasu mintuna, ana daddanna kowane maɓalli ana jujjuya kowane mariƙi, don ruwan ya kori gishirin da ya maƙale a ƙarƙashinsu. Idan babu ruwan a kusa, sai a naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul har a isa masauki. Sai an goge shi ya bushe a inuwa sannan a buɗe, kuma ana buɗewa bakin yana kallon ƙasa, don kada ɗigo ya faɗa kan kyamarar.

Akwai wata dabara kuma. Kwanson alminiyom yana da kusoshi na ƙarfe mara tsatsa, haɗuwar da ke sa alminiyom ɗin ya riƙa narkewa. Don haka wasu kamfanoni suke ɗaura masa ɗan guntun tutiya a ƙasa. Tutiyar ta fi saurin narkewa, sai gishiri ya cinye ta ya bar kwanson, idan ta ƙare a canza wata. Masanin Ingila Humphry Davy ne ya gwada wannan hanya a 1824 don kare tagullar da ke jikin jiragen ruwan yaƙi na ƙasarsa. Kwanon rufin da ke kan gidajen Dogon Dawa ma da wannan hikima yake aiki: ƙarfe ne aka lulluɓe da tutiya, kuma sai tutiyar ta cinye sannan jan tsatsa ke bayyana.

Ma'anar IP68 da abin da tallace-tallace ba sa faɗa

Masu waya da yawa sun dogara da wasu haruffa da lambobi da ke jikin kwali. Ma'aunin IP na ƙasa da ƙasa ne, mai lamba IEC 60529. Lambar farko ta ƙura ce, 6 kuma ita ce ƙololuwa. Ta biyu ta ruwa ce. Lamba 3 ko 4 na nufin yayyafi da fantsama kawai, kuma a nan ne wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa suke tsayawa, wasu ma ba su da ma'aunin sam. Lamba 7 na nufin zurfin mita 1 na minti 30. Lamba 8 ta wuce haka, amma kowane kamfani ne ke faɗin iyakarsa: Samsung yakan ce mita 1.5 na minti 30, Apple kuma ya ce mita 6 na minti 30 tun daga iPhone 12.

Duk waɗannan gwaje-gwaje ana yin su ne da ruwa mai daɗi, a ɗakin gwaji, da sabuwar waya. Babu gishiri, babu sabulu, babu igiyar ruwa mai duka. Hukumomi a wasu ƙasashe sun ɗauki wannan bambanci da muhimmanci. A watan Nuwamban 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10 kan yadda ya tallata juriyar ruwa ta wasu wayoyin iPhone, alhali garantinsa bai shafi ɓarnar ruwa ba. A watan Yunin 2022 kotun tarayya ta Ostireliya ta umarci reshen Samsung na ƙasar ya biya dalar Ostireliya miliyan 14, saboda tallace-tallacen da ya yi tsakanin 2016 da 2018 masu nuna ana iya shiga teku ko wurin ninƙaya da wasu wayoyin Galaxy. Kamfanin ya amince cewa bakin cajin yana iya zagwanyewa ya daina aiki idan aka sa wayar a caji tana jiƙe bayan irin wannan ruwa.

Kariyar ma ba ta dawwama. Gam da siraran robobi ne ke riƙe da ita, kuma zafin rana da faɗuwa da tsufa suna sassauta su. Wayar da aka taɓa buɗewa aka canza mata gilashi ko batir, kamar yawancin na hannu da ake sayowa a kasuwa, ya kamata a ɗauka ba ta da wannan kariya, ko me aka rubuta a intanet game da samfurinta.

Gishirin da ke Dogon Dawa

Na farko shi ne gumi. Kowace lita ta gumin ɗan Adam tana ɗauke da gishiri, galibi tsakanin giram 1 zuwa 4. Wannan bai kai na teku ba, amma teku sau ɗaya ake shiga, gumi kuwa kullum ne. Yana bushewa ya bar gishirinsa, gobe wani ya hau kai, kamar farin zanen da ke fitowa a bayan rigar wanda ya wuni yana noma. Wayar ɗan acaɓa da ke aljihun gaba tun safe, da ta manomi a aljihun wando, da wadda aka soke a ɗaurin zane ana aikin gida, duk cikin wannan danshi suke wuni. Dogon kira a zafin bazara kuma yana tura gumi kai tsaye cikin ragar sifikar kunne.

Na biyu shi ne takin zamani, wanda ba a cika kawo shi a rai ba. Takin NPK 20-10-10 da ake haɗawa a Najeriya ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016 yana ɗauke da yuriya da fosfet da kuma fotash. Fotash ɗin nan gishiri ne mai kuloraid, ɗan uwan gishirin miya ta fuskar cin ƙarfe. Yuriya kuma tana zuƙar danshi, shi ya sa buhun da aka bari a buɗe yake dunƙulewa ko ya narke. Duk wanda ya ga yadda taki ke cinye gindin baro ko bayan motar ɗaukar kaya ya san ƙarfinsa. Matashin da ke zuba wa masara taki a watan Yuli, ya ciro waya da hannun da ke da gumi da garin taki don amsa kira, ya shafa mata ruwan da bai da maraba da na teku a wajen ɓarna.

Sauran su ne na cikin gida: miya, ruwan kanwa, ruwan omo, lemon kwalba. Sabulu yana da nasa sharrin, domin yana sa ruwa ya ratsa ragar da ruwa zalla ba zai iya wucewa ba. Ƙurar hunturu ma tana taimaka wa ɓarnar. Takan cushe a bakin caji tun daga Disamba, ta zauna shiru, idan damina ta kama a watan Mayu ko Yuni sai ta zama soso mai riƙe danshi da gishiri a kan ƙarfe.

Bakin caji ne ya fi shan wahala saboda ƙanƙantarsa. Nau'in USB-C yana da 'yan ƙarafa har 24, tazarar rabin milimita ce tsakanin kowane biyu. Ɗigo ɗaya na ruwan gishiri yana iya haɗa da yawa daga cikinsu. Idan aka soka caja mai bolt 5, ko mai saurin caji da ke kai bolt 9 ko fiye, sai ƙarafan su fara narkewa nan take. A garin da wuta ba ta tsayawa, inda ake rige-rigen kai waya shagon caji ko a jona ta da fawa banki da zarar an dawo daga gona, wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa.

Ga masu son ɗaukar bidiyo a cikin ruwa

Matasa da dama suna son ɗaukar bidiyon wanka a rafi ko kamun kifi don TikTok da Facebook, wasu kuma ci-rani ko karatu yana kai su Legas ko Kwatano ko Jidda, inda za su tsaya a bakin teku na gaske. Abin da ya fi araha shi ne jakar roba mai makulli da ake rataya a wuya. Ita ce kwanson talaka, kuma dokokin masu nutso sun hau kanta. Kafin a amince mata, a saka busasshiyar takarda a ciki, a kulle, a danne ta cikin bokitin ruwa na rabin awa. Idan takardar ta fito da danshi, jakar ba ta da amfani. A duba bakin makullin kada yashi ko zare ya shiga. A jefa ɗan ƙullin silika a ciki, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, don hana gilashi yin hazo. Bayan an fito, a wanke jakar a rufe da ruwa mai daɗi, a goge, a buɗe bakinta yana kallon ƙasa da busassun hannaye. Kada a bar ta a rana da waya a ciki.

Ƙananan kyamarori irin GoPro, tun daga HERO5 ta 2016, suna jure zurfin mita 10 ba tare da kwanso ba. Su ma kamfanin yana shawartar a ɗauraye su da ruwa mai daɗi bayan teku, kuma a tabbatar ƙofar batir ta rufu ruf babu datti a robarta. Ruwan rafi ba shi da gishiri sosai, amma yana da laka da yashi, waɗanda su ne abokan gabar zoben roba.

Idan waya ta riga ta jiƙe

Abu na farko a kashe ta, a cire caja da duk wata igiya, a cire rigarta da tiren sim. Idan mai IP67 ko IP68 ce, ba ta fashe ba, ba a kuma taɓa buɗe ta ba, kuma ruwan gishiri ko miya ko taki ne ya taɓa ta, ana iya ɗauraye ta a hankali da ruwa mai tsabta, kafin a cire tiren sim ɗin. Samsung da kansa yana ba da wannan shawara ga wayoyinsa masu jure ruwa. Wadda ba ta da wannan kariya kuwa, tsumma mai ɗan danshi kawai za a goge ta da shi. Daga nan a ɗan bubbuga ta a tafin hannu bakin cajin yana kallon ƙasa, a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Wayoyin zamani da yawa suna nuna gargaɗi idan sun ji danshi a bakin caji, kuma bai kamata a yi masa taurin kai ba. Apple ya ce a jira aƙalla minti 30 kafin a sake gwadawa, kuma bushewa sosai na iya ɗaukar awa 24. Ya kuma hana busar da ita da zafi, ya hana cusa auduga ko takarda a ramin, ya hana binne ta cikin shinkafa. Shinkafa ba ta fi iska saurin busarwa ba, garinta yana shiga ramuka, kuma ba ta cire gishiri ko kaɗan. Shanya waya a kan kwano da tsakar rana ko kusa da murhu yana narkar da gam, yana kuma cutar da batir.

Idan ruwan gishiri ya shiga ciki, lokaci ne ke yanke hukunci. Ko a kashe take, batirin yana jone da injin, tsatsa na ci gaba da ci. Mai gyaran da ya san aikinsa zai buɗe ta, ya fara cire igiyar batir, ya wanke fanel ɗin da sifirit na gyaran lantarki da buroshi mai laushi ko injin wanki mai girgiza, ya busar, sannan ya gwada. Wanda ya fara da soka caja don ya ga ko za ta kawo, ya ƙara mata ciwo. A cikin yawancin wayoyi akwai ɗan farin tambari da ke komawa ja idan ruwa ya taɓa shi. Da shi kamfanoni ke ƙin karɓar garanti, kuma mai sayen waya ta hannu yana iya neman a nuna masa shi.

Ladabin kullum

Abin da ke tsare kayan masu nutso na shekaru shi ne ɗabi'ar da ba sa tsallakewa, kuma ba ta da tsada. A ranar zuba taki ko feshin magani, a bar waya cikin leda mai zif a jaka, a wanke hannu kafin a taɓa ta. Da yamma a cire mata riga, domin gumi yana taruwa tsakanin rigar da bayanta, a goge ta da tsumma mai ɗan danshi sannan da busasshe. A ba ta lokaci ta sha iska kafin a kai ta caji. Sau ɗaya a wata a haska bakin cajin da tocila. Idan an ga ƙura, a kashe wayar a share da busasshen buroshin haƙori mai laushi, ba da allura ko tsinken ƙarfe ba. Idan an ga kore, lokacin ganin mai gyara ya yi, tun ɓarnar tana bakin caji ba ta kai ga injin ba. Hotuna da lambobin mutane kuma a riƙa adana kwafinsu a Google ko a katin ajiya duk lokacin da sabis ya samu, domin su ne abin da mai gyara ba zai iya sayowa a kasuwa ba.